Fashin baƙi: me yasa Raspberry Pi ɗinka yake ƙin ganin aisin BIOS, ko ya karanto maka shirme?

Masu gyaran laftof da talabijin da dikoda a nan Jos, daga na kan Ahmadu Bello Way har na wajen Terminus, yanzu kusan kowa ya san ba duk na'urar da ta ƙi tashi bace ta ƙone. Wata zaka danna ta kama wuta, fanka na juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin, ka canza RAM ka canza sikirin duk a banza, ashe sofwayar da ke tada na'urar, wadda a laftof ake kira BIOS, dake cikin wani ɗan ƙaramin aisi (IC) mai ƙafa 8, ita ce ta rikice. Toh maganin shine a karanto abun da ke cikin aisin, a rubuta masa mai kyau. Wanda bashi da kuɗin babban injin filashin sai ya ɗauko Raspberry Pi, wato ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, ko nashi ko na ƙanensa da ya gama furojet a Jami'ar Jos ya ajiye, ya saka manhajar flashrom mai karanta aisi da rubuta masa, ya sayo kilif, wato maƙalin da ke kama ƙafafun aisin. Daga nan kuma sai kuka ya fara: "Oga na haɗa komai daidai wallahi amma baya gani."

Bari in faɗi matsayata tun yanzu, don kada mu ɓata lokaci. Mafi yawan lokuta flashrom bashi da laifi, aisin ma lafiyarsa ƙalau. Laifin yana wajen wuta da kuma haɗuwar ƙarfe da ƙarfe, wato kilif da wayoyi. Amma mutane sai su zauna gaban kibod suna ta canza kwamand, suna sake saka manhaja, alhali mitar awon wuta tana gefe a ajiye ba'a taɓa ta ba.

Kafin komai ya kamata mutum ya gane me ke faruwa idan ya danna enta. Waɗannan aisin da lambarsu ke da 25 a ciki, irin W25Q64 na Winbond ko MX25L na Macronix ko GD25Q na GigaDevice, suna magana ne ta wata hanya da ake kira SPI, wayoyi huɗu ne kacal ke ɗaukar zancen. CS ita ce take cewa aisin kai nake nufi, CLK ita ke buga lokaci, MOSI ita ke kai saƙo daga Pi zuwa aisi, MISO kuma ta dawo da amsa. Abu na farko da flashrom yake yi shine ya tura lambar 9F, ma'anarta waye kai. Aisi mai lafiya sai ya amsa da bayit 3, na farko sunan kamfani, sauran biyun iri da girma. Winbond lambarsu EF, Macronix C2, GigaDevice C8. Misali W25Q64FV zai ce EF 40 17. Shikenan fa. Saboda haka idan kaga "No EEPROM/flash device found" ba cewa yayi aisinka ya mutu ba, cewa yayi na yi tambaya ban ji amsar da na gane ba. Ko tambayar bata isa ba, ko aisin bashi da wutar da zai amsa, ko ya amsa amma amsar ta ɓace a hanya, ko wani ne a kan fanel ɗin, wato bod ɗin na'urar, yake surutu a kan layin. Duk aikin binciken a cikin waɗannan yake.

Ɓangaren sofwaya gajere ne, mu wuce shi da sauri. SPI a rufe yake zuwa a Raspberry Pi OS, sai ka shiga raspi-config ka buɗe shi, ko ka saka layin dtparam=spi=on a config.txt ka sake kunna Pi ɗin. Ka rubuta ls /dev/spidev* idan kaga spidev0.0 da spidev0.1 an gama da wannan. Kwamand ɗin tambaya kuma shine

sudo flashrom -p linux_spi:dev=/dev/spidev0.0,spispeed=1000

Wannan baya karanta komai baya goge komai, sallama ce kawai. Idan spidev yana nan kuma wannan layin ka rubuta shi daidai, toh dan Allah ka cire hannu daga kibod, matsalarka ba a nan take ba.

Wayoyi yanzu. Aisi mai ƙafa 8 haka yake: ƙafa ta 1 CS, ta 2 DO, ta 3 WP mai kulle rubutu, ta 4 giraun, ta 5 DI, ta 6 CLK, ta 7 HOLD, ta 8 wuta. A wajen Pi kuma CS na zuwa fin 24, DO zuwa fin 21 wato MISO, DI zuwa fin 19 wato MOSI, CLK zuwa fin 23, giraun fin 25, wutar 3.3V fin 17 ko fin 1. Inda yara ke faɗawa shine Pi yana da lissafi iri biyu, akwai lambar fin ta ƙirge a jikin bod, akwai lambar GPIO, kuma basu zo ɗaya ba. Fin 24 shine GPIO8, fin 19 shine GPIO10. Sai mutum ya ga an ce 24 ya buɗe hoto ya nemo GPIO24 ya soka waya a can, wanda shi kuma yana fin 18, kaga ai har gobe ba zai gani ba. Wani kuma ya saba da aikin RX da TX inda ake gicciye wayoyi, sai ya kawo wannan wayon nan. A SPI ba'a gicciyewa, MOSI zuwa DI, MISO zuwa DO, iyakarta.

Sai ƙafa ta 3 da ta 7 da mutane ke bari a sake saboda wai ba'a amfani dasu. Idan aisin yana kan fanel sau da yawa akwai 'yan razisto da suka riga suka ja su sama zuwa 3.3V, shiyasa wani zai ce ni ban taɓa haɗa su ba kuma yana mun aiki. Amma ranar da ka cire aisin ka ɗora shi a adafta, babu mai ja masa su, HOLD na lilo a iska, in ya ɗan sauka ƙasa aisin sai ya tsaya cak a tsakiyar magana. Irin wannan ne zaka ga yau ya gani gobe bai gani ba, har ka fara zargin aljanu. Ka haɗa su biyun da 3.3V a huta.

Ƙafa ta 1 ita ce mai ɗan rami ko ɗigo a kusurwa, kuma jar wayar kilif ita ke zuwa wajenta. A kula, wasu aisin ana ɗiga musu fenti mai kala a masana'anta, wannan ba shine alamar ba, ramin da ke jikin baƙar robar zaka nema, in ido bai gani ba ka haska da fitilar waya ko ka duba alamar da aka zana a fanel. Abun da yasa nake nanata wannan, idan ka juya kilif baibai ƙafa ta 8 da ta 4 ne suke musanya wuri, wato ka tura wuta ta giraun. Aisin zai ɗau zafi nan take, wani ya tsira wani kuma shikenan, tare da duk abun da ke cikinsa da baka riga ka kwafa ba.

Shi kanshi kilif ɗin shine babban mai laifi a wannan sana'ar, musamman baƙin nan mai araha da ake haɗawa da CH341A, ɗan ƙaramin injin filashin nan na USB. Bakinsa roba ce mai taushi, in an matsa shi an cire an matsa an cire sai haƙoran su cinye, a ido zaka ga ya kama amma ƙafa ɗaya bata taɓa ba. Ga ƙurar hunturu ta Jos da ke shiga ko'ina, ga ragowar fes, wato man nan na haɗa dalma, a ƙafafun aisi in wani ya taɓa aiki a wurin. Ka samu sifirit da tsohon buroshin haƙori ka wanke ƙafafun, ka bari ya bushe. Sannan ka juya mita zuwa wajen ƙara, Pi a kashe, tsinke ɗaya a ƙarshen wayar da ke shiga Pi, ɗayan a kafaɗar ƙafar aisin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har 8, ka kuma gwada maƙwabta kada biyu su haɗe. Wannan gwajin baya cin lokaci amma shi ake gudu, ban san dalili ba. Wanda yake yin aikin kullum gara ya daure ya nemi Pomona 5250, yana da tsada amma riƙonsa daban ne. Kuma tunda maganar hunturu ta shigo, lokacin da iska ta bushe ɗin nan da in ka cire suwaita kake jin tas tas, wannan wutar jikin tana iya lalata aisi, ka riƙa taɓa ƙarfe kafin ka taɓa fanel.

Yanzu maganar da in an yi kuskure a cikinta ba'a gyarawa da sake gwadawa. Fin ɗin siginal na Pi duk 3.3V suke fitarwa, kuma ba kowane aisi ne na 3.3V ba. Laftof da yawa na 'yan shekarun nan suna zuwa da na 1.8V, kuma a ido kamarsu ɗaya sak. Sai ka karanta rubutun jikinsa. A Winbond, mai ƙarewa da FV ko JV na 3.3V ne, mai FW ko JW na 1.8V ne. A Macronix MX25L na 3.3V, MX25U na 1.8V. A GigaDevice GD25Q da GD25LQ, mai L ɗin shine na 1.8V. Harafi ɗaya ne fa bambancin. Muguntar abun ita ce aisin 1.8V yana iya amsawa a 3.3V, ya karantu ma, sai mutum ya ce ai ga shi ya yi, alhali ya tura masa wutar da ta kusa ninka tashi, kuma in a kan fanel yake ba shi kaɗai ya sha ba, duk abun da ke kan wannan layin har babban cifset ya sha. Akwai ɗan adafta na 1.8V da ake sayarwa mai sauke wutar da siginal gaba ɗaya, in baka da shi ka ajiye aikin har ka samu, ko kwastoma na tsaye a kanka. Sannan fin 2 da fin 4 na Pi 5V ne, suna nan dab da fin 1, kada hannu ya zame. Masu CH341A ma kada su yi dariya, baƙin bod ɗin nan da ya cika kasuwa an san shi da fitar da kusan 5V a layin siginal duk da wutar da yake baiwa aisi 3.3V ce, sai an yi masa gyara.

Toh mu zo inda ya fi rikita mutane, wato karanta aisi yana manne a fanel. Komai daidai, kilif ya kama, mita ta yi ƙara a ƙafa 8 ɗin duka, amma shiru. Abun da ke faruwa shine ƙafa ta 8 ba ita kaɗai bace a layinta. Layin 3.3V ɗin nan yana ciyar da wasu abubuwa a fanel, sai ya zama kai kana nufin kunna ɗan aisi guda amma Pi ɗinka yana ƙoƙarin kunna wani sashe na laftof gaba ɗaya. Wani lokaci nauyin ya fi ƙarfin Pi, wutar ta faɗi, har zaka ga kana matsa kilif Pi ɗin ya mutu ya sake tashi. Ka ɗora mita a ƙafa ta 8 da ta 4 lokacin da komai ke haɗe, aisin 3.3V yana son daga 2.7V zuwa 3.6V, in kaga 2.2 ko 1.9 ka samu amsarka. Wani lokacin kuma wutar bata faɗi ba, sai dai ta isa ta tada EC, wato aisin nan mai kula da kibod da caji da madannin kunnawa, shi kuma a wasu fanel da zarar ya farka sai ya fara neman tashi sofwayar ta wannan layin. Kaga yanzu mutum biyu ke magana a waya ɗaya, Pi yana cewa sama EC yana cewa ƙasa, abun da zai dawo maka shirme ne, ko a gane aisin amma kowane karatu ya fito daban.

Me za'ayi? Farko a cire caja, a cire babban batir, a cire ƙaramin batirin CMOS, a danne madannin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wuta ta zube. In matsalar faɗuwar wuta ce zaka iya kawo 3.3V daga wata fawa saflai daban mai ƙarfi, amma ka cire wayar 3.3V ta Pi, kuma dole giraun ɗinsu ya haɗu, in ba haka ba siginal bashi da ma'auni. Akwai masu dabarar jona caja don fanel ya baiwa aisin wuta da kansa, su kuma su haɗa siginal kawai, yana yi a wasu injina, amma ni bana baiwa sabon hannu wannan shawarar, don in ya manta ya bar wayar wuta ta Pi a haɗe ya gwara wuta biyu kenan. Gaskiyar da mutane basa so su ji ita ce, wasu fanel ɗin ba zasu taɓa bari a karanta su da kilif ba, haka aka ƙera su, ba rashin iyawarka bane. Ka ɗauko bulowa mai hura iska mai zafi, ka sa fes, ka rufe maƙwabta da tef mai jure zafi, ka ɗaga aisin ka karanta shi shi kaɗai. Wanda ya iya cire aisin caji na waya, ƙafa 8 masu faɗi ba zasu gagare shi ba. Ka dai ɗauki hoto kafin ka cire don ka san inda ƙafa ta 1 ta kalla.

Shima Pi ɗin a duba abun da yake ci. Pi 3 yana son 5V mai 2.5A, Pi 4 kuma 3A, amma sai ka tarar an jona shi da wata tsohuwar cajar waya da siririyar kebul. Rubuta vcgencmd get_throttled, in ya ce 0x0 lafiya, in wani abu daban ya fito akwai yiwuwar wutarsa ta taɓa faɗuwa. Ni a ganina fawa bank mai kyau ya fi soket a wannan aikin, saboda kowa ya san halin wutarmu, kana tsakiyar rubutu a ɗauke, ko maƙwabci ya juya layi zuwa janareto.

Tsawon waya da gudu kuma tare suke tafiya. Wayoyin nan masu kala da ake saya a ƙulle, sai mutum ya jona biyu ko uku don su kai inda laftof take, a ƙarshe tsakanin Pi da aisi ya kusa kamu biyu. Siginal mai sauri baya son haka. A rage su, santimita 10 zuwa 15 ya wadatar, Pi ɗin ne zai matso kusa da fanel ba waya ce zata bi shi ba. Lambar spispeed da kilohaz ake lissafa ta, 1000 na nufin megahaz 1. In karatu na rawa ka sauko 512 ko ƙasa da haka. Kuma lissafin ba wuya, aisin 8MB megabit 64 ne, a gudun 1000 zai ci minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, na 16MB ya ci biyu da ɗan wani abu, a 512 ka ninka. Wannan ne mutum zai ce ba zai iya jira ba? In ka sauke gudu abu ya gyaru ka san wayoyinka ne, in ka sauke har ƙasa bai canza komai ba, koma ka duba wuta.

A ce yanzu ya gani, ya rubuto "Found Winbond flash chip" ka ji daɗi. Nan ne wurin da ake asarar injin mutane, don hannu na ƙaiƙayi a yi rubutu. Kada ka rubuta komai sai ka mallaki abun da ke ciki. Ka ƙara -r na1.bin a ƙarshen kwamand, ka sake da na2.bin, ka cire kilif ka mayar ka yi na3.bin, sannan sha256sum na*.bin. Zai fitar da lamba ga kowane fayil, dole lambobin su zo iri ɗaya. In sun bambanta baka da bakof, kana da fayil uku na shara ne kawai, kuma in ka yi rubutu a wannan yanayin abun da zai shiga aisin ma haka zai zama.

Amma zuwansu ɗaya ma bai isa ba, wannan mutane da yawa basu sani ba. Fayil da yake FF daga farko har ƙarshe, ko 00 zalla, ko sau nawa ka karanto shi lambarsa ɗaya zata fito. Sai ka leƙa ciki. hexdump -C na1.bin | head zai nuna maka farkonsa, a laftof mai Intel galibi zaka ga 5A A5 F0 0F a layi na biyu, wato adireshi 0x10, wannan alamar taswirar aisin ce. strings na1.bin kuma zai zubo maka kalmomin da ake iya karantawa, in kaga sunan kamfani da lambobin model da makamantansu toh abu ne na gaske ka karanto. FF da yawa a tsakiya ba matsala bane, fili ne da ba'a rubuta komai ba. Bayan nan ka kwafe fayil ɗin daga katin Pi zuwa filash ko kwamfutarka, ka sa masa sunan model da ranar, kada ka bar shi a na1.bin, aikin gobe zai hau kansa.

Wani lokacin flashrom zai ce "Multiple flash chip definitions match" ya jero sunaye ya tsaya, an fi ganin haka a Macronix. Ba matsala bace, kamfanin ne ya baiwa aisi daban daban lamba ɗaya, shi kuma baya son yin canke. Karanta jikin aisin ka zaɓi wanda ya dace da -c, ka kwafi sunan yadda ya rubuto shi harafi da harafi. In kuma ya ce "unknown SPI chip", ka ƙara -V ka ga lambar da ta dawo. In tana canzawa duk gwaji, wayoyi ne. In tana nan daram kuma ta yi kama da ta kamfani na gaske, toh flashrom ɗinka ne tsoho bai san aisin ba, nemi sabo.

Rubutu kuma yana da nashi hali. Irin wannan aisin tamkar allon makaranta ne, ba'a ɗora sabon rubutu a kan tsoho sai an wanke. Gogewa tana maida komai FF, rubutu kuma abun da yake iyawa kawai shine maida 1 zuwa 0, baya iya dawo da 0 zuwa 1. Kuma ba'a goge bayit ɗaya, mafi ƙanƙanta yawanci 4KB ne a lokaci guda, rubutun kuma bayit 256 ne a kowane zubi. Shiyasa -w yake fara karantawa, ya goge inda ya kamata, ya rubuta, sannan ya sake karantawa ya gwada. Gogewa da rubutu sun fi karatu jan wuta, wannan ne dalilin da zaka ga karatu ya tafi sumul amma rubutu ya faɗi a tsakiya, wutar da ma a bakin gaɓa take. In haka ta faru kada ka firgita kada kuma ka kunna laftof ɗin, aisi baya mutuwa don rubutu ya katse, ka gyara wuta ka sake, tunda bakof na hannunka. Wanda bashi da bakof ne ke zufa a sanyin Jos.

Ga wata dabara ta gane mai laifi idan gwajin ƙarshe ya faɗi. flashrom yana nuna adireshin da ya samu saɓani. Ka sake, ka duba adireshin. In kowane karo wuri daban ne, kilif ne ko waya ko wuta. In kullum wuri ɗaya ne, toh ko an kulle wannan yankin ko aisin ya gaji a wurin. Kullewa tana cikin aisin kansa, akwai wasu bit a rajistarsa da ke hana taɓa wani sashe, kuma in an haɗa da ƙafar WP tana ƙasa ba zasu buɗu ba sai ka ja ta sama. Sabbin flashrom suna da --wp-status da --wp-disable, ko da yake ba kowane aisi suka sani ba. In ba kulle bane, a canza aisi, ba shi da tsada. Sai dai a nan ma a yi hattara da na kasuwa, ana samun wanda aka goge rubutun jikinsa aka buga wani, ko wanda aka ciro daga tsohon fanel. Kafin ka manna shi ka ɗora a adafta, ka ga lambar da ya amsa ta dace da rubutun jikinsa, ka rubuta masa cikakken fayil ka ga ya wuce gwaji.

Saura fayil ɗin da zaka rubuta, wanda shi kaɗai darasi ne. Dole girmansa ya zo daidai da na aisi, bayit da bayit, in ba haka ba flashrom zai ƙi, kuma gaskiyarsa. 64 da ke jikin W25Q64 megabit ne, wato 8MB, 128 kuma 16MB, 32 shine 4MB. Abun da kake saukewa daga shafin kamfanin laftof sau da yawa ba cikakken hoton aisin bane, ɓangaren BIOS ne kawai a naɗe cikin wani fayil, alhali aisin Intel yana ɗauke da taswira, da yankin ME, wato sofwayar Intel ta cikin cifset, da yankin BIOS, wasu har da na katin netwok. Shi kuma fayil ɗin da ake turowa a guruf na WhatsApp daga injin wani aka karanto shi, yana ɗauke da siriyal ɗin wancan, wani lokaci da lasisin Windows ɗinsa da adireshin MAC ɗinsa. Zai iya tada laftof ɗin, amma sai kaga tana jinkirin nuna hoto ko fanka na ihu saboda yankin ME bai dace da ita ba. Masu hannu sukan ciro bayanan asali daga bakof su dasa a sabon fayil, kaga wani amfanin bakof ko da rikitacce ne. A rawuta ma haka, da yawa masu cif ɗin Atheros suna ajiye saitin rediyonsu a cikin wannan aisin, in ka goge shi ka zuba na wani Wi-Fi ɗin zai raunana ko ya ɓace. Kuma ka lura wasu laftof aisi biyu gare su, ThinkPad X230 misali yana da na 8MB da na 4MB, ka karanta duka ka san wanne ne wanne. Lambar da zaka bi wajen neman fayil ita ce wadda aka buga a jikin fanel, ba sunan da ke kan murfi ba, don model ɗaya na iya zuwa da fanel iri biyu.

Ba duk mai ƙafa 8 bane wannan hanyar ke yi wa aiki. Mai lamba 24, irin 24C02 ko 24C64 da ke cikin talabijin, I2C yake ji ba SPI ba, wayoyinsa daban manhajarsa daban. Ma'ajiyar wayar hannu kuma eMMC ce ko UFS, wata duniya ce. Akwai kuma shafaffen nan da ake kira WSON wanda bashi da ƙafafu a waje, SPI ne shima amma kilif bashi da abun kamawa, sai bulowa da adafta.

Idan ka ga "VERIFIED" ma'anarsa abun da ke cikin fayil shine ke cikin aisi, bai ce fayil ɗin daidai bane. Kashe Pi, cire kilif kafin ka jona caja, maida batirin CMOS da RAM, ka kunna. Tashin farko bayan filashin yakan ɗau lokaci, wata ma zata mutu ta tashi da kanta sau ɗaya ko biyu, ka bata 'yan mintuna kafin ka yanke hukunci. In fayil mai kyau ya shiga kuma har yanzu halinta bai canza ko kaɗan ba daga yadda aka kawo ta, ka maida mata bakof ɗinta na asali, ka ɗauki mita ka koma bin layukan 3.3V da 5V da wutar RAM da ta furosesa.